Tambaya da Amsa: Kwamandan Jamus da Ya Nutsar da Jiragen Ingila Uku Kafin Hantsi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a lise, a unguwar Zango nake nan Damagaram. Mushenmu na tarihi ya ce a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya wani ɗan jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila uku a safiya guda. Da na kai maganar fadarmu sai gardama ta kaure, wasu na cewa ƙarin gishiri ne, wani ya ce in ma an yi to da asiri. Wane ne kwamandan, yaya ya kai wannan matsayi, kuma yaya ya ƙare? A ganinka jarumi ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Mushenku bai ƙara ko ƙwayar gishiri ba. An yi abin ranar 22 ga Satumba 1914 a Tekun Arewa, daura da gaɓar Holan. Sunan kwamandan Otto Weddigen, jirginsa kuma lamba gare shi, U-9. Maganar asiri ku ajiye ta. In ka ji shekarun da mutumin nan ya kwashe a kan aiki guda, ka kuma ji sakacin manyan sojan ruwan Ingila, za ka ga babu gurbin da asiri zai zauna.

An haife shi a 1882 a Herford, gari ne na cikin ƙasa mai nisa da teku, a gidan masu masaƙa, shi ne auta cikin ƴaƴa 11. Ya shiga sojan ruwa a 1901, ya zama ƙaramin hafsa a 1904, a 1906 aka tura shi Tsingtao, sansanin da Jamus ke riƙe da shi a gaɓar Sin, ya yi aiki a ƙananan jiragen sintiri. Har nan ba abin da ya raba shi da sa'o'insa. A 1908 ne hanyarsa ta rabu da tasu, da ya koma rundunar jiragen ƙarƙashin teku.

Ka duba shekarar da kyau. Jirgi na farko irin wannan da sojan Jamus suka mallaka, U-1, sai a ƙarshen 1906 ya fara aiki, wato rundunar ko shekara biyu ba ta cika ba. Hafsa mai neman girma a wancan zamani manyan jirage masu igwa yake hari, inda ake fareti, inda Sarkin Jamus ke zuwa a yi masa jinjina. Jirgi mai nutso kuwa manya sun ɗauke shi na gadin bakin tasha ne kawai. Shi kansa Tirpitz, wanda ya gina rundunar ruwan Jamus, ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya yarda a zuba kuɗi a kansa. Weddigen ya yi mataimaki a U-1 da U-2 da U-4, sannan a watan Oktoba 1911 aka danƙa masa U-9. Shekara uku yana tare da jirgin nan kafin yaƙi ya ɓarke, har ya san duk inda yake masa ciwo.

Jirgin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Tsawonsa mita 57, faɗinsa mita 6, nauyinsa bai cika tan 500 ba, mutanen ciki ba su kai 30 ba. Makaminsa tofido 6. Tofido bam ne dogo, ya haura mita 5, da farfela a gindi, iskar da aka matse a cikinsa ke tura shi cikin ruwa har ya daki jirgi ta ƙasa, inda sulke bai kai ba. Bututun harbawa huɗu ne, biyu gaba biyu baya, sauran tofido biyun na ajiya ne. Weddigen ya tsare yaransa da horo har suka iya jan wannan ƙarfe, mai nauyin fiye da rabin tan, su cusa shi cikin bututu alhali jirgin na nutse. A watan Yuli 1914 suka fara yin haka, makonni kaɗan kafin yaƙi. Ka riƙe wannan, don shi ne abin da abokinka ya kira asiri.

Fitarsu ta farko a watan Agusta ba ta yi armashi ba. Jirage goma suka fita, ba su nutsar da komi ba, biyu ba su dawo ba, U-9 kuma inji ya lalace ya juyo gida. Ana cikin gyara Weddigen ya yi aure. Ango ne na wata guda sa'ad da ya sake fita daga tsibirin Heligoland ranar 20 ga Satumba, da umurnin ya je gaɓar Beljiyam ya tare jiragen da ke jigilar sojan Ingila. Guguwa ta tare shi a hanya, kamfas ya rikice, dole ya kwantar da jirgin a ƙasan ruwa suka kwana a nan. Da asubahin 22 ga wata suka taso don cajin batir, iska ta lafa, sai mataimakinsa Johannes Spiess ya hango kan jirgi da hayaƙi daga nesa.

Jirage uku ne, Aboukir da Hogue da Cressy, kowanne tan 12,000, kowanne da mutum sama da 700. Tsofaffi ne, yaƙi ne ya sa aka kakkaɓe su aka cika su da sojan ajiya, magidanta masu iyali, yawancinsu daga yankin Chatham, haɗe da yara ƴan makarantar sojan ruwa, wasunsu shekararsu 15. Ƙananan jirage masu gudu da ke musu rakiya guguwar ta mayar da su tasha. Su ukun suna tafe a jere, sannu a hankali, kilomita 18 a awa, ba sa ko karkace-karkacen da aka umurce su da yi. Hafsoshin Ingila da kansu sun san haɗarin, har sun yi wa wannan runduna laƙabi da abincin ƙugiya. Kwana huɗu kafin nan Winston Churchill, ministan sojan ruwa, ya rubuta cewa a janye su daga wurin. Aka ce a dakata sai yanayi ya gyaru.

Wajen ƙarfe 6:20 na safe Weddigen ya matso har kusan mita 500, yana leƙe ta bututun madubi, ya saki tofido guda. Ya sami Aboukir a kwiɓi. Kyaftin Drummond bai ga kowa ba, ya zaci nakiya ya taka, ya yi wa sauran biyun alama su matso su kwashi mutane. Kafin ya farga ya janye maganar, bakin alƙalami ya bushe. Cikin kusan rabin awa Aboukir ya kife. Hogue ya zo ya tsaya cik, ya sauke kwale-kwalensa, matuƙa na jefa tebura da kujeru da duk wani abu mai tasowa saman ruwa don masu nutsewa su kama. A ƙasa kuwa yaran Weddigen sun riga sun ɗura bututun da ya harba. Ƙarfe 6:55 ya saki biyu daga kusan mita 300. Da wannan nauyi ya fita sai goshin U-9 ya ɗago sama, ƴan igwar Hogue suka gan shi suka buɗe wuta. A ciki kuma, duk wanda hannunsa ba ya kan wani aiki ana kora shi a guje, gaba, baya, gaba, don nauyin jikinsu ya daidaita jirgin. Hogue ko jimawar Aboukir bai yi ba.

Saura Cressy. Ya ga abin da ya sami ƴan'uwansa, ya yi harbi, har ya yi yunƙurin take maharin, amma ruwa cike yake da kawunan mutane suna kira, sai ya tsaya yana kwasa. Ƙarfe 7:20 Weddigen ya juya masa baya ya harba na baya biyu, ɗaya ya samu. Ya sake juyowa, batir na gab da mutuwa, ya saki na shida, wanda shi ma a nutse aka ɗura shi. Kafin ƙarfe 8 babu Cressy. Mutum 1,459 suka mutu, aka tsamo 837, kuma jiragen kasuwa biyu na Holan, Flora da Titan, da masuntan Ingila ne suka fara kai musu ɗauki. Akwai wani yaro ɗan shekara 15, Wykeham-Musgrave, da ya faɗa ruwa daga Aboukir, ya yi iyo ya kama Hogue, aka daki Hogue, ya kai Cressy, aka daki Cressy, daga baya aka tsince shi a kan wani katako da sauran numfashi, ya kuma rayu.

To, jarumi ne? Ga yadda nake gani, ba dole ka bi ni ba. Ƙarfin zuciya dai ba mai ƙwace masa. Mutum ya shiga tsakanin jirage uku da kowannensu ya ninka nasa fiye da sau 20, a ruwa marar zurfi inda wurin ɓuya ya yi ƙaranci, ya yi awa ɗaya da rabi bai rikice ba, wannan sai wanda ya san aikinsa. A dokar yaƙi ma bai yi laifi ba, jiragen yaƙi ne da igwoginsu a ɗane, kuma sun harbe shi. Amma zuciyata ba ta sakewa da na biyu da na uku. Ba gudu ya fi su ba. Tsayawa suka yi ceton waɗanda ruwa ke ci, wannan tsayawar ce ta ba shi su. Tun da ake tafiyar ruwa, matuƙi ba ya wuce mai nutsewa. Bayan wannan safiya hukumar sojan ruwan Ingila ta fitar da umurni cewa in an daki jirgi, manyan jiragen da ke tare da shi kada su tsaya, su yi gaba. Ka auna wannan a ranka, ɗana: kana tsaye a kan jirgi, kana jin muryar abokinka cikin ruwa yana kiran sunanka, doka ta ce ka wuce. A wurina wannan ne babban abin da safiyar nan ta bari, ya fi lambobin yabon nauyi nesa ba kusa ba. Rabin alhakin kuma yana wuyan manyan da suka san haɗarin wurin suka bar magidanta da yara a ciki. In ka koma fada ka ce musu na ce gwani ne, mai ƙarfin hali ne. Kirarin jarumta kuwa na fi so a yi wa matuƙan Flora, ɗan jirgin kasuwa marar ko bindiga, na ƙasar da ba ta cikin yaƙin, da suka kutsa wurin suka kwashi mutum 286.

A Jamus an yi murna ba kaɗan ba. Duk mutanen jirgin an ba su lambar yabo, hoton kwamandan ya cika katunan wasiƙa. Ranar 15 ga Oktoba ya sake nutsar da wani jirgin yaƙi, Hawke, daura da Sukotlan, mutum 524 suka halaka, aka ba shi Pour le Mérite, lambar soja mafi daraja a ƙasar.

A watan Fabrairu 1915 aka ba shi sabon jirgi, U-29, ya fi na da girma, daidai lokacin da Jamus ta ayyana ruwan da ya kewaye Birtaniya fagen yaƙi, aka koma farautar jiragen kasuwa. A watan Maris ya nutsar da guda huɗu. Nan kuma sai a rubuta masa abin da ya yi na kirki. Yakan fito sarari, ya ba matuƙa lokaci su sauka cikin kwale-kwale kafin ya nutsar da jirginsu, har akwai waɗanda ya ja kwale-kwalensu zuwa kusa da gaɓa. Jaridun Ingila suka riƙa ce masa ɗan fashi mai ladabi. Wata biyu bayan nan wani kwamandan Jamus ya nutsar da jirgin fasinja Lusitania ba gargaɗi, fasinja da matuƙa kusan 1,200 suka mutu.

Weddigen bai ga wannan ba. Ranar 18 ga Maris 1915, yana hanyar komawa gida ta arewacin Sukotlan, ya ci karo da babbar rundunar Ingila tana atisaye. Ya harbi jirgin da ake kira Neptune, bai samu ba, aka hango shi. Dreadnought, jirgin da tun 1906 duniya ke kwaikwayon ƙirarsa saboda manyan igwoginsa goma, bai harba ko ɗaya ba. Juyowa ya yi da gudu ya take shi. Goshin U-29 ya miƙe sama har aka karanta lambarsa, sannan ya lume da mutum 32, ba wanda ya fita. Shekarun Weddigen 32, wata shida bai cika ba tsakanin safiyar da ta yi masa suna da ranar ajalinsa. Tsohon U-9 kuwa ya ga ƙarshen yaƙi, aka miƙa shi ga Ingila a 1918, a 1919 aka farfasa shi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni makaniki ne, garejina a Sabon Gari yake. Na san inji ba ya tashi in ba iska, mota in ta faɗa tafki da damina ruwa ya shiga, shi ke nan. To waɗannan jiragen na da, yaya injinsu ke aiki a ƙarƙashin ruwa, kuma me mutanen ke shaƙa?

AMSA: Maigida, sannu da ƙoƙari. Abin da ka sani daidai ne, injin mai ba ya aiki a ƙasa. Inji iri biyu suke ɗauka. In jirgi na sama, injin mai ne ke juya farfela, yana kuma juya dinamo yana cajin batir. In za a nutse sai a kashe shi, a rufe bakin salansa da mashigar iska, a koma kan motar lantarki. U-9 injin kananzir huɗu gare shi, ƙirar kamfanin Körting. Sun guje wa fetur ne don tururinsa a rufaffen wuri ya sha tayar da gobara a jiragen Ingila na farko. Sai dai kananzir ɗin ma da nasa aibin: farin hayaƙi yake tuƙawa wanda ake hangowa daga nesa, har sai da aka yi masa dogon bututu, wanda dole a kwantar da shi kafin a nutse. Injin gazuwal sai a 1913 ya shigo jiragen Jamus, daga U-19.

A sama yana yin kusan kilomita 26 a awa, a ƙasa 15, kuma in aka matsa masa haka batir ba ya jimawa. Shi ya sa galibin tafiyar a sama ake yin ta, nutso na kai hari ne ko na ɓuya.

Yadda yake nutsewa kuwa, ka ɗauki bido ka toshe bakinsa ka jefa a tafki, zai tsaya a sama. Ka buɗe ruwa ya shiga, zai yi ƙasa. Tankuna ne a gefen jirgin. A buɗe bawul na sama iska ta fita, ruwa ya shigo ta ƙasa, jirgi ya yi nauyi. In ana son tasowa a hura iskar da aka matse cikin tukwanen ƙarfe ta kori ruwan. Wasu ƴan fikafikai na gaba da baya ne ke riƙe shi a zurfin da ake so, kuma U-9 ba a ƙera shi ya wuce mita 50 ba.

Iska kuma, wadda aka rufe ƙofa da ita, ita ce abin shaƙa. Akwai maganin da ke tsotse gurɓatacciyar iska da tukwanen iskar numfashi, amma in nutso ya yi tsawo kai na sarawa, numfashi na sama-sama, har ashana ta ƙi kamawa. Batiran a ƙarƙashin wurin kwana suke, kuma kai ka fi ni sanin ruwan batir. In ruwan gishiri ya haɗu da shi, iska mai guba ke tashi, wadda ke ƙona huhu. Jikin jirgin ƙarfe ne mai sanyi, numfashin mutane na taruwa a rufin yana ɗiga. Spiess ya rubuta daga baya cewa da mayafin roba suke rufe fuska in za su yi barci.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijuwa ce a Birni. Kakarmu takan ce Nasara sun ɗauki wanta soja a yaƙin Jamus na farko, bai dawo ba, aka ce ruwa ya ci shi. Kullum ina mamaki, wane ruwa ne zai ci ɗan Damagaram? Ko akwai gaskiya a ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, shi kuma Allah ya jiƙansa. Maganar kakarku ba ta saɓa wa tarihi ba. A lokacin nan Damagaram ce hedikwatar mulkin sojan Faransa a ƙasar nan, daga 1911 har 1926, kuma Faransa ta kwashi samari sama da 150,000 daga Afirka ta Yamma a wannan yaƙi. Sunan Senegal aka laƙaba musu duka, ko daga ina mutum ya fito. Ba kowa aka kai Turai ba, wasu Kamaru aka tura su, wasu Agadas a farkon 1917 lokacin yaƙin Kawsan. Amma duk wanda aka nufa da shi Faransa, ta teku ya bi, kuma daga watan Fabrairu 1917 Jamus ta ba jiragenta na ƙarƙashin teku izinin nutsar da duk abin da suka gani ba gargaɗi.

Ga misali guda. Ranar 8 ga Yuni 1917, cikin dare, wani jirgin Jamus mai lamba UC-72 ya daki jirgin fasinja Sequana kusa da tsibirin Yeu, gab da gaɓar Faransa. Daga Dakar ya ɗauko sojan Afirka kusan 400, za shi Bordeaux. Mutum 207 suka mutu, 198 daga cikinsu sojan nan ne, ba su ko taka ƙasar da aka kai su yi wa yaƙi ba.

Akwai hanyar bincike. Ma'aikatar sojan Faransa ta sa katunan waɗanda suka mutu mata a yaƙin 1914 zuwa 1918 a intanet, a shafin Mémoire des hommes, kyauta ake dubawa. Katin na ɗauke da sunan soja, lambarsa, rundunarsa, inda aka haife shi, da ranar mutuwa da sanadinta, kuma wanda ruwa ya ci akan rubuta cewa ya ɓace a teku. Ki sa ɗaya daga cikin jikokinki da ya yi lakwal ya duba miki a waya. Ku fara tattara sunansa na yanka, da sunan mahaifinsa, da garin da aka ɗauke shi, don magatakardan Nasara yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, wani lokaci ma sunan gari suke liƙa wa mutum a madadin na uba. In bai fito da rubutu ɗaya ba, ya sauya haruffan irin na Faransanci ya sake gwadawa.